A Bar Rodi a Kan Rufi

Duk wanda ya ratsa sababbin unguwannin Kano ya san irin gidan nan da ake zuba wa rufin kankare, a bar rodi a tsaitsaye a samansa, wani har a kifa masa gwangwani don kada ruwan sama ya ci shi. Baƙo zai ce gini ne ya gagari mai shi. Maigidan kuwa da gangan ya yi. Ɗaki huɗu yake bukata a yau, amma ya sa an zurfafa harsashi, an zuba rodi mai kauri a ginshiƙai, ya biya kuɗin da maƙwabcinsa bai biya ba. Bai san ko kasuwa za ta buɗe masa ba, bai san ko zai ƙara aure ba, bai san ko 'ya'yan za su zauna a gabansa ko Abuja za ta kwashe su ba. In an samu, a ɗora bene. In ba a samu ba, ɗan abin da ya tafi a rodi da siminti ne asararsa, bai kwana da bashin benen da ɓeraye ke zarya a ciki ba.

Wannan hankali na magini nake nema a wurin masu tsara filayen jiragen sama, kuma ba kasafai nake samunsa ba, ko a gida ko a ƙasashen da suka fi mu kuɗi da injiniyoyi. Filin jirgi don shekara 50 ake gina shi, amma sana'ar da aka yi shi dominta da wuya ta shekara 10 ba ta sake kama ba. A ganina damar sauya shawara a gaba kadara ce mai farashi, kamar fili ko siminti. Ya kamata a rubuta ta a takardar kasafi, a biya kuɗinta da sani, ko da hakan zai rage ƙyalƙyalin abin da za a nuna wa jama'a ranar ƙaddamarwa.

Ba sai mun ƙetare teku neman hujja ba. A watan Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma daga wannan sauka ake ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya haɗa Kano da Khartoum. Zuwa shekarun 1950 Kano ta zama zango: jirgin da ya baro Turai ya nufi Kongo ko Afirka ta Kudu, in ya ƙetare Sahara, a nan yake sauka ya sha mai. Da a lokacin an ɗauko masani an ce ya faɗi yadda filin zai zama bayan shekara 30, da ya dubi lissafin bara da na bana ya ja layi ya miƙe sama, kuma ba wanda zai ce ya yi wauta. Sai aka ƙera jirage masu dogon numfashi, suka riƙa wucewa ta samanmu cikin dare ba ko sallama. Ba wanda ya kore su, inji ne kawai ya sauya. Kamfanin KLM, da ya fi kowa daɗewa, shi ma ya naɗe tabarmarsa a 2012.

Abin da ya sami Kano a hankali ya sami Kanada da tsada. A 1969 gwamnatin ƙasar ta karɓe gonaki kusan eka 97,000 a arewacin Montreal, ta tashi dubban mutane daga muhallinsu, don gina filin Mirabel, wanda aka yi hasashen wata rana zai ɗauki fasinja miliyan 50 a shekara. An buɗe shi a 1975, ana dab da gasar Olamfik ta 1976. Montreal ce ƙofar shiga Kanada daga Turai a wancan zamani, masu tsari kuma suka ɗauka haka za a dawwama. Sai jirage suka fara zarcewa Toronto. Layin dogon da aka yi alkawarin zai haɗa filin da gari ba a taɓa shimfiɗa shi ba. Tsohon filin Dorval da ke bakin gari aka bar shi da jiragen cikin gida, saboda haka wanda ya sauka daga Faris yana son wucewa wani birni sai ya kinkimi kaya ya hau bas daga fili zuwa fili. Mirabel bai taɓa wuce fasinja miliyan 3 a shekara ba. A 2004 jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi, a 2014 aka fara rushe ginin.

Amma ga abin da ba a cika faɗa ba a wannan labari. Ginin fasinja ne ya mutu, titin jirgi yana nan da ransa. A yau jiragen kaya na sauka a Mirabel, a can kuma ake haɗa jirgin Airbus A220. Haka filin Ciudad Real na Sifaniya, da ya lashe kusan yuro biliyan 1, aka buɗe shi a 2008 aka rufe a 2012. Da korona ta zo a 2020, kamfanoni na neman inda za su jibge jiragensu, doguwar kwaltarsa da busasshiyar iskar yankin ne suka yi rana. Fili da kwalta suna karɓar kowace irin sana'a. Ginin da aka ɗinka daidai jikin hasashe guda kuwa, da hasashen ya rame ko ya yi ƙiba sai a jefar da rigar.

Richard de Neufville, malami a jami'ar MIT ta Amurka da ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin filayen jirage, ya daɗe yana jan kunnen injiniyoyi cewa hasashen fasinja na dogon lokaci ba ya faɗawa daidai. Masu yin sa sun iya aikinsu, sai dai abubuwan da ke juya harkar ba sa shiga lissafi: tsadar mai, karyewar kamfani, yaƙi, annoba, sabuwar doka. Akwai kuma tarko a cikin lissafin kansa. A ce masana sun ce fasinja za su kai miliyan 2, mai yiwuwa su tsaya a 1, mai yiwuwa su kai 3. Kai kuma ka gina na miliyan 2 cif. In 3 suka zo, biyun dai za ka iya ɗauka, ribar na ukun ta wuce ka. In 1 ya zo, bashin 2 za ka biya, zauren 2 za ka sanyaya, ka share, ka sa wa masu gadi. Sama an yi maka rufi, ƙasa kuwa an bar maka rami. Shi ya sa ribar da takardar nazari ke nunawa, wadda aka ɗora kan adadin tsakiya, takan fi abin da zai shigo aljihu. Wanda ya gina na miliyan 1 a kan harsashin da zai ɗauki 3 ya juya lamarin, asararsa ce ke da iyaka. Bambancin kuɗi tsakanin waɗannan hanyoyi biyu ana iya lissafa shi da alƙalami, kuma shi ne farashin rodin nan na kan rufi. Ga kuma kuɗin ruwa: duk shekarar da aka jinkirta gina zauren da ba a bukata tukuna, an tsira da ruwan bashinsa na wannan shekarar.

Wani lokaci ma siffar ginin ce ke cin amana. A Nuwamban 1972 birnin Kansas City ya buɗe filin da aka yi wa zane mai ban sha'awa, gine-gine uku masu siffar awarwaro, ka ajiye mota, taku kaɗan ka isa ƙofar jirgi. Bayan wata biyu, saboda yawan fashin jirage, gwamnatin Amurka ta wajabta binciken kowane fasinja da kayansa. Ginin siriri ne, ba inda za a kafa layin bincike. Aka riƙa gitta bango ana matse mutane har shekara 50, sai a 2023 aka buɗe sabo. Pittsburgh kuwa a 1992 ta gina tashar kusan dala biliyan 1 daidai yadda kamfanin USAir yake so, don fasinjojinsa masu sauya jirgi a can. A 2004 kamfanin ya ɗauke cibiyarsa. Fasinja suka sauko daga sama da miliyan 20 zuwa wajen miliyan 8, aka toshe ƙarshen wasu rassan ginin, bashi ya zauna daram a wuyan hukumar filin. Mu da muka ga Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, muka ga Okada da Chanchangi da IRS da Bellview sun zo sun wuce, bai kamata a ce sai an ba mu labarin Pittsburgh ba.

Ginin da ya fi burge ni a wannan fanni, alhazanmu sun sha zama a inuwarsa. Tashar alhazai ta Jidda, da aka buɗe a 1981, matsalar da ta zo magancewa ita ce jama'a na kwararowa kamar ambaliya cikin 'yan makonni, sannan wuri ya yi tsit. Injiniya Fazlur Rahman Khan, ɗan asalin Bangladesh, da abokan aikinsa ba su yi ƙaton zauren gilashi mai cin wuta ba. Rumfa suka kafa: tantuna 210 na wani yadi mai ƙarfi, a rataye jikin dogayen ginshiƙai, gefe a buɗe, zafi na fita ta ƙoƙuwar kowane tanti. Abin da ke ƙarƙashi, ofisoshi da kantuna da wuraren bincike, ana iya rushe shi a sake ba a taɓa rumfar ba. Na san alhajin da ya kwana biyu a kan tabarma a can yana jiran jirgin komawa gida ba zai yi wa wurin kirari ba. Amma sama da shekara 40 ke nan rumfar tana aiki, yayin da ginin Mirabel, da ya girme ta da shekara 6 kacal, ya zama ɓaraguzai.

Singafo ma ta nuna irin wannan hali. A 2020 annoba ta zaftare fasinjojin jirage na duniya da kusan kashi 60 cikin 100. Filin Changi, da yake tashoshinsa a rarrabe suke, ya rufe ta 2 da ta 4 ya tara aiki a sauran. Ta 5 kuwa, da ake shirin ginawa don fasinja miliyan 50, aka dakatar da ita shekara 2, aka sake zane yadda za a iya buɗe sashe a rufe sashe gwargwadon jama'a, sai a Mayun 2025 aka aza harsashi. Sauran dabarun ƙanana ne, ba sa ɗaukar ido a hoto. Akwai ƙofar da da safe ta jiragen cikin gida ce, da dare a juya makulli ta zama ta ƙetare. Akwai wurin tsayawar da zai ɗauki babban jirgi ɗaya ko ƙanana biyu. Akwai bangon ƙarshe da aka yi shi don wata rana a cire, ba a jingina masa ɗakin janareta ko matakala ba.

To, mu dawo gida. A 2013 Najeriya ta ciwo rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na China, kamfanin CCECC ya gina sababbin tashoshin ƙasa da ƙasa a Legas da Abuja da Kano da Fatakwal. Gine-ginen sun yi kyau, ban musa ba. Amma ta Abuja, da aka ƙaddamar a Disamban 2018, an dasa ta inda ta tare wa hasumiyar kula da jirage da ofishin 'yan kwana-kwana gani, abin da ministan lokacin, Hadi Sirika, ya yi ƙorafi a kai a bainar jama'a. Ta Legas an ƙaddamar da ita a Maris ɗin 2022, manyan kamfanonin ƙetare suka noƙe, don farfajiyar gabanta ta yi wa manyan jirage kaɗan, har sai da minista Festus Keyamo ya ba da umarnin su koma a 2023. An yanka yadi kafin a auna mai sawa. A tuna kuma da dala aka ci bashin, lokacin tana wajen naira 160, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Gaskiya ne manyan filaye na karɓar wani ɓangare na kuɗin shigarsu da dala. Filin jiha da jiragen cikin gida kaɗai ke leƙawa ba shi da wannan laima.

Sai filayen jihohin: Dutse, Birnin Kebbi, Bauchi, Gombe, Lafiya, Damaturu. Ba na cikin masu cewa jiha ba ta da hurumin yin filin jirgi. Alhazan Jigawa da ke tashi daga Dutse sun huta da jigila zuwa Kano, kuma wanda ya san halin da wasu hanyoyinmu ke ciki ba zai raina titin jirgi a garinsa ba. Abin da nake tambaya shi ne me aka fara saya. Hukumar FAAN, mai kula da filayen jiragen tarayya, da bakinta ta sha faɗa cewa ƙalilan ne cikin filayen da ke hannunta ke iya ciyar da kansu, Legas da Abuja kuma su ke ɗauke da yawancin fasinjan ƙasar. Na taɓa zaman jiran jirgi a wani fili irin waɗannan. Mu duka ba mu cika bas biyu ba, zauren kuwa zai ɗauki ɗaurin auren 'yar sarki. Na'urar sanyi a kashe don tsimin man janareta, muna ta fifita da tikiti. Bayan awa uku aka ce jirgin ba zai iya sauka ba saboda hazo, kowa ya nemi mota. A hanya na yi ta tunanin da rabin kuɗin wannan zaure ya tafi a fitilun titi da na'urar da ke saukar da jirgi cikin hazon hunturu, da mun zauna a ɗan ƙaramin ɗaki mun kuma kwana a inda muka nufa.

Kada a ɗauka ƙanƙamo nake wa'azi. Akwai inda ƙin kashe kuɗi ne ya toshe ƙofa. Filin Abuja titi ɗaya gare shi, an shimfiɗa shi a farkon shekarun 1980 don ya yi shekara 20, ya haura 30 ana faci. Ranar 8 ga Maris 2017 dole aka rufe filin babban birnin ƙasa ɗungurungum har mako 6, aka karkatar da jirage Kaduna. British Airways da Lufthansa da Air France suka ce ba da su ba, Ethiopian Airlines ne ya je. Filin Gatwick na Landan shi ma da titi ɗaya ya saba aiki, amma yana da na ko-ta-kwana a gefensa, wanda a ranakun lafiya hanyar wucewar jirage ce, sai in za a gyara babban a koma kansa. Titi na biyu a Abuja kuwa an fi shekara 10 ana zancensa, kuma cikin abin da ya riƙe shi har da rigimar diyyar fili da mutanen Jiwa. Filin da za a iya killacewa cikin lalama tun gari bai iso ba, yau sai an zauna teburin sulhu. Ingila ma tana cikin irin wannan ƙangi: titi na uku a filin Heathrow na nufin rushe ɗaruruwan gidaje a Harmondsworth da kewaye, an shekara da shekaru ana kai-komo tsakanin majalisa da kotu. A Kano kowa na iya gani da idonsa yadda gari ya rungume filin Malam Aminu Kano.

Na san abin da mai karatu zai ce, don ni ma na faɗa wa kaina. A ƙasar da aka saba da “kashi na farko” marar na biyu, wannan magana za ta iya zama mafakar ɗan kwangila. Haka ne. Ba duk mai barin rodi ne mai hangen nesa ba, wani kuɗi ne suka ƙare, rodin ya shekara 20 yana tsatsa. Bambancin shi ne kashin farko ya zama cikakke, mai aiki da kansa ko ba a ƙara masa bulo ɗaya ba, sannan a rubuta tun yau abin da zai sa a fara na biyu: in fasinja sun kai adadi kaza shekara biyu a jere, a kira magina. Adadi ne zai yi kiran, ba gabatowar zaɓe ba. Za a kuma ce gini kashi-kashi ya fi tsada a jimla. In hasashe ya faɗa daidai, ya fi tsada kam, kuma na yarda a biya wannan ƙarin. Killace fili ma yana da nasa zaluncin, Mirabel shaida ce, inda aka raba manoma da gonakin da daga baya aka mayar da mafi yawansu. A biya diyya ta gaskiya, a bar mutane su ci gaba da noma a kai bisa haya, gini na dindindin kaɗai za a hana.

Haka ma takardar yarjejeniya tana bukatar rodinta. Filin Diori Hamani na Yamai kamfanin Summa na Turkiyya ne ya sabunta shi don taron Tarayyar Afirka na 2019, bisa yarjejeniyar riƙe shi shekara 30. Shekara 4 da buɗewa aka yi juyin mulkin Yulin 2023, aka rufe sararin samaniya na wani lokaci, Air France ya daina zuwa. Duk wanda zai sa hannu a takardar shekara 30, ko a Yamai ko a jinginar da ake ta zancen yi wa manyan filayen Najeriya, ya kamata ya bar sakin layin da zai ba ɓangarorin biyu damar sake zama in ƙasa ta motsa.

Wani motsin ma yana tafe a fili. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kaduna zuwa Kano, ranar da ya haɗu da na Abuja wani kaso na masu rububin jirgin safe zai koma tashar jirgin ƙasa, kamar yadda ya faru tsakanin Madrid da Barcelona bayan 2008. Wata jihar kuma tana nan tana zana nata filin. Idan kwamishina ya zo majalisar jiha da hoton gini mai gilashi yana neman a amince da rance, ina so ɗan majalisa ko ɗaya ne ya miƙe ya tambaye shi wane bango za a cire ranar da ake son ƙari, me aka gina a bayan bangon, sannan gonakin da ke bayan katanga takardarsu na hannun wa, tun dillalai ba su yanka su fuloti-fuloti ba.